Abin da Kyamarar Hanya Ta Gani

Shafi na 17

Masu tambayata ko ni ce Auta, ba ni ba ce, ni ’yar ba da labari ce kawai. Masu cewa in ƙyale mutanen gidan nan su huta haka nan tunda sun yi rashi, wallahi ni ma na so. To amma takarda ta riga ta iso, ba ni da yadda zan yi da ita.

Ranar Talata da hantsi saƙon ya shigo imel ɗin Auta, tana tsaka da canza wa wani mutum ranar tashin jirginsa karo na uku. Daga kamfanin hayar motoci yake, na ƙasar da aka kai Baba asibiti. Sun ce hukumar hanya ta kama motar da ta ɗauka haya tana gudun da ya wuce ƙa'ida, ga takardar tara nan sun haɗo mata.

Da farko ko a jikinta. Shekara huɗu ke nan tana aiki a ofishin sayar da tikitin jirgi, irin wannan takarda ta bi ta hannunta ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Mutum zai je wata ƙasa ya ɗauki motar haya, ya ga titi sumul babu rami babu ɗan sanda, ya take mai iya son ransa, ya dawo gida yana ba abokai labari. Bayan wata huɗu ko biyar sai takarda ta biyo sawunsa, ya zo ofis yana kumfar baki wai shi ko keke ba ya gudu da shi. Shi ya sa tun ranar farko Manaja yake koya wa ma'aikatansa cewa kafin ka buɗe baki ka duba abu uku: rana, lokaci da wuri. Ka haɗa su da takardar hayar. In motar na hannun mutum a lokacin, ya biya da wuri kafin a ninka masa. In ya riga ya mayar da ita, a rubuta musu a yi gardama.

Don haka hannunta ya fara aikin da ya saba tun kafin kanta ya farga.

Rana: sha ɗaya ga wata.

Lokaci: ƙarfe biyu da minti ashirin da takwas na rana.

Wuri: babbar hanya, kilomita saba'in daga birnin da asibitin yake.

Gudu: ɗari da arba'in da takwas, a inda aka yarda da ɗari.

Ta koma kan ranar ta sake karantawa. Mutumin da ke gabanta yana ta bayanin cewa surukarsa ce ta canza shawara ba shi ba, ita kuwa ba ta ƙara jin ko kalma ɗaya ba.

Sha ɗaya ga wata ranar da Baba ya rasu ce, wata biyar da suka wuce. Lokacin rasuwar kuma ba sai ta tambayi kowa ba, domin ita ta cike takardun dawo da gawarsa a kan wannan teburin, ta rubuta shi a wuri shida. Ƙarfe biyu da minti arba'in na rana.

Minti goma sha biyu tsakani. Ba a haifi direban da zai ci kilomita saba'in a minti goma sha biyu ba.

Waɗanda suka biyo mu tun farko sun san abin da ke tsakanin Auta da Baba. Shi mai kantin magani ne, burinsa ɗaya a duniya autarsa ta karanci haɗa magunguna ta gaji kantin. Ita kuwa ta bar karatun a shekarar ƙarshe ta kama wannan aiki, ta rasa bakin da za ta faɗa masa, kullum sai ta ce gobe. Goben ba ta zo ba har ranar yaye ɗalibai. Baba ya sa sababbin kaya, ya gayyaci aminansa biyu, suka zauna a zaure har aka gama kiran sunaye kaf, aka fara kwashe kujeru. Tun daga ranar bai sake yi mata magana ba. Bai zage ta ba, bai kore ta ba, shiru kawai ya yi mata na shekara uku, har ita da kanta ta kama ɗaki a waje. Sai ta daidaici yana kanti take leƙowa ta gaida Mama a tsaitsaye.

Da ciwon zuciyarsa ya tsananta aka ce a fita da shi waje, Yaya ne ya raka shi. Ita ta yi musu tikiti, ita ta ɗauki motar haya da katinta ta sa sunan Yaya a matsayin direba, ta roƙe shi kada ya faɗa wa Baba. Ta san halinsa, da ya shiga motar da ta biya gara ya taka da ƙafa.

Da Yaya ya dawo da gawa, a ɗakin Mama ya zaunar da Auta ya ce yana riƙe da hannun Baba har ya cika, kuma maganarsa ta ƙarshe ita ce, “Ka ce wa Auta na yafe mata. Ta koma gida ta riƙe uwarta.”

A kan wannan magana ta kwashe kayanta ta dawo gida. A kanta take iya cin abinci, a kanta take iya wucewa ta gaban kantin da aka rufe. Duk wanda bai taɓa ɓata wa mahaifinsa rai har ya mutu ba, ba zai gane nauyin abin da nake faɗa ba, kuma ina roƙa masa Allah kada ya gane.

Takardar tana da shafi na biyu. Ta san abin da ke cikinsa, don ƙasar nan ba sa turo tara sai da shaida. Ta daɗe hannunta na kan linzamin kwamfuta kafin ta danna.

Hoton baƙi da fari ne, daga gaba aka ɗauka. Yaya ne a kan sitiyari, babu ko tantama, da rigar sanyin nan mai zif da ita ta saya masa. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya riƙe da waya a kunne. Bakinsa a buɗe, fuskarsa a yamutse, kuka yake yi sosai. A kujerar gefensa kuwa ba mutum ba ne, kwali ne, an ɗaura masa bel tsaf.

Ta buga shafukan biyu a firinta, ta ninke, ta ce wa Manaja kanta ke ciwo. Ya dube ta ya ce ta tafi, shi zai ji da mai suruka.

A cikin bas ta yi ta nema wa Yaya mafita. Wataƙila kyamarar ce agogonta ya lalace. Wataƙila asibiti ne suka yi kuskuren rubutu. Har ta sauka ba ta samu wadda ta zauna mata ba, domin ita ce mai gaya wa mutane a ofis cewa kyamara ba ta san kowa ba.

Shagon ɗinkin Yaya a jikin gidansu yake, akwai ƙofa ta baya da ke shiga tsakar gida. Tun daga bakin layi ta jiyo ƙarar injin surfaninsa, babban nan mai allurai da yawa, wanda ya yi wata takwas a lulluɓe da zane saboda lalacewa, ya tashi sati biyu bayan dawowarsa. Lokacin kowa ya yi murna, Mama har cewa ta yi Allah ba ya rufe ƙofa biyu a lokaci ɗaya.

Ta same shi shi kaɗai, tef a wuya, yana yanke zaren da ya yi saura a wuyan wata riga. Ya ɗago ya yi mata tsiyar da ya saba, wai yau jirage sun tafi yajin aiki ne ko kuwa an gane ba ta iya komai ba an koro ta. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ya kashe injin.

Ya ce saura kaɗan furen ya cika. Ta miƙa hannu ta kashe da kanta.

Ta shimfiɗa shafin farko a kan teburin yanka, ta ce tara ce aka turo, ta motar haya. Nan take fuskarsa ta saki, ya ce ai ya ɗauka wani abu ne, ta faɗa masa ko nawa ne ya tura mata, titin ƙasar nan ko liman ya hau sai ya yi gudu.

“Duba ranar, Yaya.”

Ya sunkuya ya duba. Almakashin da ke hannunsa ya ajiye a hankali.

“Duba lokacin.”

“Ai agogonsu da namu ba ɗaya ba ne, Auta. Kin fi ni sani.”

“Kyamarar a ƙasarsu take, asibitin ma a ƙasarsu yake. Agogo ɗaya ne.”

Ya ce to wataƙila an haɗa lambar mota, ba ita da kanta take ba da labarin yadda ake irin wannan kuskure ba? Sai ta ɗora shafi na biyu a kan na farko, ta juya hoton ya fuskance shi.

Yaya ya kalli kansa a hoton. Ya daɗe yana kallo, sannan ya jawo kujerar keken ɗinki ya zauna.

“Ina ka je?”

Ya ci gaba da kallon hoton.

“Mene ne a cikin kwalin da ka ɗaura wa bel?”

Idonsa ne ya tafi kan injin surfanin, ya dawo ƙasa. Auta ta bi inda ya kalla, sai ta gane. Wata huɗu da rabi ke nan da kuɗin wannan injin ake cefane a gidan, ita ma tana ci.

Daga nan ya fara magana, kansa a ƙasa, muryarsa ba ta fita sosai. Ya ce da safen ranar likita ya shigo da fara'a, ya ce Baba ya samu sauƙi, jibi za a mayar da shi ɗakin masu murmurewa. Ya ce tun kafin su tafi ya samu labarin wani mai sayar da kayan injuna a wani gari, tafiyar awa biyu, yana da ɗan allon wutar da ya ƙone a injin, wanda ya nema a gida har ya gaji. Sati uku yana zaune a gefen gado yana tunanin abin, yana kallon aikinsa na komawa hannun wasu. Ranar sai Baba ya samu barci mai nauyi bayan an ba shi magani. Ya ce wa nas zai je ya ci abinci ya dawo.

Yana cikin shagon mutumin, an gama naɗe masa kayan, wayar ta shigo. Nas ɗin ta ce ya zo yanzu, numfashi ya canza, tsohon ya farka yana ta kiran suna ɗaya, su ba sa jin yarensa, ba su san me yake so ba.

“Sunana yake kira, Auta. A wayar ina jiyo shi.”

Ya ce bai san gudun da ya yi ba, ya dai ga wani haske ya walƙa a fuskarsa a kan hanya. Ya isa ƙarfe uku ta gota. Ya tarar an ja labule, an zuba agogon Baba da tabaransa a ’yar leda an rubuta lamba a jiki.

Tausayinsa ya kama ta, ba zan ɓoye muku ba. Yayanta ne, shi ya goya ta zuwa makaranta, shi ya riƙa kai mata saƙon Mama a ɓoye shekara uku. Amma ba wannan ya kawo ta ba, kuma shi ma ya sani.

“Maganar fa?”

Ya ɗauki tef ɗin wuyansa yana naɗewa a yatsa.

“Yaya, ka ce kana riƙe da hannunsa ya ce ya yafe min. Ba ka wurin. To yaushe ya faɗa? Da safe? Kwana ɗaya kafin nan? A jirgi?”

“Auta, Baba yana sonki.”

“Ban tambaye ka wannan ba.”

Ta roƙe shi ya tuna da kyau, ko sau ɗaya ne, ko cikin magagin magani, ko da faɗa ne ma, ya ambaci sunanta? Ya ce abu ɗaya ne zai iya rantsuwa a kansa. Ranar da suka sauka, Baba ya tambayi wa ya biya motar, ya ce masa asibiti ne suka shirya. Sai Baba ya buɗe aljihun gaban motar neman tsumman goge tabarau, ya ci karo da takardar hayar, ga sunanta ɓaro-ɓaro a sama. Ya karanta har ƙasa, ya ninke ta yadda ya same ta, ya mayar.

“Sai ya ce me?”

“Bai ce komai ba. Amma bai sauka ba, Auta. A motar na yi ta kai shi gwaji har aka kwantar da shi.”

“Mara lafiya a ƙasar da bai san kowa ba, ina zai sauka ya je?”

Yaya ya kau da kai. Ita kuwa ba ta san lokacin da ta riƙo gaban rigarsa ba, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana yarinya. Muryarta ta tashi.

“Ya yafe min ko bai yafe min ba? Eh ko a'a?”

“Sakar masa riga.”

Mama ce tsaye a ƙofar baya, hannunta jiƙe da ruwan wanke-wanke. Shirun injin ne ya fito da ita, don tun da ya tashi bai taɓa yin shiru da rana haka ba, sai ta iso daidai kan tambayar ƙarshe. Ta rame sosai a watannin nan, zoben hannunta har zare ta naɗa masa don kada ya zame.

Auta ta saki rigar. Da sauri ta kwashe takardun biyu daga kan tebur ta riƙe a bayanta.

Mama ta shigo ta zauna a bencin masu jiran ɗinki, ta goge hannu da gefen zanenta. Ba ta kalli Yaya ba, Auta take kallo.

“Ba shi za ki tuhuma ba. Ni na sa shi.”

Ta ce ranar da ya kira ya faɗa mata rasuwar, kafin ta yi kuka ta tambaye shi ko ya bar wa Auta wata magana, ya ce a'a. Sai ta ce masa to daga yau ya bar mata, ga abin da zai faɗa in ya dawo, ta tsara masa shi kalma bayan kalma, ta sa ya maimaita mata a wayar. Ta ce shekara arba'in tana zaune da mutumin nan, ta san zuciyarsa ta fi bakinsa laushi, amma bakin ne ba ya lanƙwasuwa, ko ita bai taɓa ce mata ya yafe ba, sai dai ta ga ya sayo mata wani abu ya ajiye a kan gado.

“Na rasa miji, ban yarda in rasa ’ya ba. Da ban yi haka ba, da kin dawo gidan nan?”

Auta ta sunkuyar da kai. Ba za ta dawo ba, duk su ukun sun sani. Abin da ta jingina da shi wata biyar ya zame, kuma wanda zai iya mayar mata da shi yana ƙarƙashin ƙasa. Ta ji wani irin maraici da ko ranar jana'iza ba ta ji shi ba. Hawaye ne kawai ke zuba, ko gogewa ba ta yi.

Mama ta ce in akwai alhaki a wuyanta yake, ta ɗauka, kullum tana neman gafara a kai. Ta ce ita ma ba ta samu wata maganar ƙarshe ba, bai bar mata ko kalma ɗaya ba, kuma ta haƙura.

“Abu ɗaya ne yake riƙe da ni a duniyar nan. Bai mutu shi kaɗai a cikin baƙi ba. Ɗansa na gefensa, yana riƙe da hannunsa, ya ji muryar nasa har ƙarshe. Duk lokacin da abin ya taso min, wannan nake tunawa in samu in runtsa.”

Yaya ya ɗago ya kalli Auta. Kai kawai yake girgiza mata a hankali, idonsa jajir.

Shafi ɗaya ya suɓuce daga bayan Auta, ya yi lilo ya sauka a tsakanin ƙyallayen da ke ƙasa, dab da ƙafar Mama. Yaya ya yunƙura, amma Mama ta riga shi ɗauka.

Mama ba ta jin yaren da ke jikin takardar. Ta nisanta ta da idonta, ta matso da ita, ta karkata ta wajen hasken ƙofa.

“Wannan ba yayanki ba ne? Me yake yi wa kuka shi kaɗai a mota?”



Ta ɗora yatsa a kan ’yan lambobin da ke ƙasan hoton, ta miƙo wa Auta.

“Idona ba ya ganin ƙananan nan. Karanta min, yaushe aka ɗauka?”